Ruwan da Ya Hau Allo

Litinin, da hantsi

An sa rana. Alhamis ta uku daga yau za a yi zaman karrama Kawu, kuma ni ce zan tsaya a gaban allo. Shugaban sashe ne ya leƙo ofis ya faɗa mini, bakinsa har kunne kamar shi zai yi aikin. Wai har an gayyaci tsofaffin ɗaliban Kawu da ke koyarwa a wasu jami'o'i. Na ce masa Allah ya kai mu.

Bari in rubuta wa kaina abin da ake jira a wurina, ko nauyinsa ya ragu. Tun ina firamare, lokacin da Kawu ya ɗauko ni ya riƙe bayan rasuwar mahaifiyata, yake da wani hasashe a kan hanyoyin bututun ruwa. Ga tanki ɗaya, ga bututai sun rarrabu sun sake haɗuwa, ga famfuna a ƙarshe. Kawu ya ce muddin hanyar ta cika wasu sharuɗɗa uku da ya gindaya, to ko ina ka ƙara sabon bututu, famfon da ya fi kowanne ƙarancin ruwa ruwansa ba zai ragu ko da ɗigo ba. Duk wanda ya ji sai ya ce ai haka ne. To amma "ai haka ne" ba hujja ba ce a lissafi, kuma sama da shekara talatin babu wanda ya kawo hujjar. Shi kansa a kanta ya yi furfura. Ni shekarata huɗu ina bin ta, yanzu mataki ɗaya ya rage mini.

Dalilin da ya sa ake sauri da wannan zaman kowa ya san shi, ba mai faɗa. Ni ma ba zan rubuta ba.

Talata, bayan la'asar

Ranar asibitinsa ce, don haka na bari sai da suka dawo ya huta. Na same shi a baranda, an rufe masa ƙafafu da bargo. Na durƙusa na gaishe shi. Mama, matarsa, wadda ta yi mini kitso tun ina kuka da majina, ta sunkuyo tana tambayarsa da ƙarfi ko zai sha shayi.

"Baiwar Allah, kunnena ƙalau yake," in ji shi. "Ba a kunne abin yake ba."

Ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ina aka kwana?"

"Na kusa, Kawu. Mataki ɗaya ya rage."

"To ki yi sauri," ya ce, yana dariya.

Mama ta kwashe kofuna ta shige ciki, alhali ba a sha komai a cikinsu ba.

Laraba, da yamma

Matakin nan ya ƙi.

Alhamis, bayan azahar

Yau an yi zaman Alhamis na kullum, na fito raina a ɓace. Kawu ne ya kafa wannan zaman tun sashen yana ɗaki biyu. Duk wanda ya samo wani sabon abu zai tsaya a gaban allo da alli kawai, ba takarda a hannu. A gaba akwai wata tsohuwar kujerar katako, ta mai gardama. Wanda ya zauna a kanta aikinsa ɗaya ne, ya riƙa cewa "Ban yarda ba" a duk matakin da bai gamsu da shi ba. Babu maƙalar da za ta fita daga sashen nan zuwa mujalla sai ya ce "Na yarda." Kawu ya zauna a kujerar nan shekaru, ya sa manyan mutane gumi har cikin takalmi.

Tun da ya daina zuwa, Shugaba ne yake zama. Allah ya ba shi haƙuri, mutumin kirki ne, amma gyaɗa kai yake kamar ƙadangare. Yau wani ya raba lamba da abin da zai iya zama sifili a gaban idonsa, ya ce madalla. Sai da na yi gyaran murya sau biyu.

An ce ranar karramawar Kawu ne zai zauna a kujerarsa. Wai don tarihi.

Juma'a, da hantsi

Abokin ofishina muna kiransa Kusan-daidai, don shi ɗan lissafin aiki ne, ba ya iya ba ka amsa sai ya ce "kusan". Shi kuma yana kirana Uwar Hujja. Yau ya gaji da tsakin da nake ja, ya ce mene ne. Na nuna masa inda na maƙale. Ina so in tabbatar cewa bayan an ƙara sabon bututu, ruwan da ke cikin tsofaffin bututai zai ci gaba da bin inda ya saba bi. Abu ne da ko yaro zai yarda da shi, amma hujjar ta ƙi rufuwa.

"Ai wannan kada ki damu," in ji shi. "Bara na sa kwamfuta ta gwada dubban hanyoyi, duk sun bi maganar Farfesa. 'Yan kaɗan ne kawai ta kawo mini shirme, na watsar."

Na ajiye biro.

"Wane irin shirme?"

"Lamba ce take fitowa ƙasa da sifili a wani bututu. Wato wai ruwa ya juya yana hawa sama. Ina kika taɓa ganin haka? Kuskuren na'ura ne."

"Kana da su?"

"Kusan."

Na ce masa in bai nemo mini su kafin a tashi ba, sai na zuba masa shayinsa a cikin kwamfutar. Ya nemo.

Asabar, da azahar

Na same shi! Wallahi na same shi!

Tun da gari ya waye na kulle kaina a ɗaki. Na ɗauki mafi ƙanƙanta cikin waɗanda Kusan-daidai ya watsar, na bi shi da hannu, mahaɗa bayan mahaɗa, ba kwamfuta ba komai. Sharaɗi na farko ya cika. Na biyu ya cika. Na uku na duba shi har ya gaji da ni, ya cika. Na ƙara bututun. Ruwa ya juya a wani tsohon bututu na gefe, ya janye daga famfon ƙarshe. Famfon ya ragu. Kaɗan ne, amma ya ragu, kuma a lissafi kaɗan ya isa ya rushe gini.

Ashe matakin nan ba ƙi ya yi ba. Gaskiya yake faɗa mini, ni ce na ƙi ji. Ba za a taɓa tabbatar da shi ba, don ba haka yake ba.

Kuma na gane abin da ya rufe mana ido. Kawu kullum a saman allo yake zana tanki, famfuna a ƙasa, zane mai tsabta kamar a saka a bango. Dukkanmu a wurinsa muka koya, haka muke zanawa, haka ɗalibanmu suke zanawa. Ido yana ganin tanki a sama sai ya ce wa ƙwaƙwalwa ruwa gangarowa yake. Alhali saman allo ba tudu ba ne, allo ne kawai. Shekara talatin manyan malamai suna bin gangaren da babu shi.

Na fito tsakar gida na yi guɗa ni kaɗai. Baban yara ya leƙo ta taga da jarida a hannu, ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, ruwa ne ya hau allo. Ya dube ni ya mayar da kansa ciki. Ya daɗe da sanin wadda ya aura.

Lahadi, da safe

Na farka da murmushi. Ina cikin ɗaura zani sai na tuna hasashen wane ne na karya.

Na sake dubawa ko zan kama kaina da kuskure. Har addu'a na yi in samu. Lissafin daidai ne.

Litinin, da yamma

Na zana wa Kusan-daidai a allon ofis. Ya bi da yatsa, ya koma kwamfutarsa, ya dawo, ya cire tabarau ya goge. Sai ya zauna a kan teburina, abin da ya san na tsana.

"Uwar Hujja, wannan babu kusan a cikinsa."

"Na sani."

"Kin san masu aikin ruwa suna dogara da maganar nan? In suka ga unguwa ba ta samun ruwa sai su ce a ƙara bututu, ai ba ya cutarwa. Wannan abin naki zai kai har can." Ya dafe kai. "Kuma yana hannuna tun bara na ce shirme ne. Kai, ni dai an yi sakarai."

Ban yi masa musu ba. Amma na ce sunansa zai shiga maƙalar, don ba don shirmensa ba da har yanzu ina can ina dukan bango. Sai da ya gama murna sannan ya tambayi abin da nake gudu.

"Wa zai faɗa wa Farfesa?"

Talata, bayan la'asar

Na je da niyyar faɗa. Na tsara maganar tun a mota. Na same shi ya fi wancan makon ramewa, kofin ma da hannu biyu yake riƙewa.

"Uwata, ina aka kwana?"

"Ana nan ana yi, Kawu."

Abin da na ce ke nan. Ni da ake tsoron bakina a sashe, na zauna ina wasa da gefen mayafi kamar amarya. Na gyara masa bargo na taho.

Laraba, da hantsi

Na faɗa wa Shugaba. Da farko ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Da ya ga zanen sai ya tashi ya rufe ƙofa.

"Malama, ki rufa mana asiri. Taron karramawa ne fa. Mutane za su zo daga nesa. Ki gabatar da abin da kika tabbatar zuwa yanzu, ki ce aiki na ci gaba. Wannan ɗin a bar shi zuwa... zuwa gaba."

"Zuwa yaushe, ranka ya daɗe?"

Ya kalli silin. Shi ma ba ya iya faɗa.

"Kina so a ce 'yar da ya riƙa ita ta tozarta shi a bainar jama'a?"

Na ce ban tozarta kowa ba, ruwa ne ya juya, ni gani kawai na yi. Na fito na buga masa ƙofa, abin da zan ba shi haƙuri a kai daga baya. Amma maganarsa ta biyo ni har ofis ta zauna.

Alhamis, da magariba

Ashe bakin Shugaba ba ya riƙe ruwa. Mama ta zo gidana da kanta, ita da ba ta fita ta bar shi. Ko zama ba ta yi ba.

"Ni ban san lissafinku ba, ban kuma son sani. Abin da na sani, mutumin nan da abin nan yake kwana yake tashi tun kafin ki yi wayo. Likita ya ce kada a ɗaga masa hankali. Ki bar shi ya tafi da abinsa a hannu."

Ta ji abin da ya fita daga bakinta, ta toshe shi da mayafi. Ni ma na yi kamar ban ji ba.

"Mama, in na tsaya na ce aiki na ci gaba, ƙarya na yi masa."

"To ki yi! Mu duka yi muke, kullum. Ke kin fi mu ne?"

Na raka ta bakin titi na dawo.

Juma'a, da yamma

Lissafin daidai ne.

Asabar, da yamma

Da ba na son tunani sai in yi aiki. Misalin da na samo yana da mahaɗa ashirin da wani abu, ba zai zanu a allo cikin nutsuwa ba. Na zauna ina yi masa aski, in cire bututu in duba ko har yanzu ruwan yana juyawa, in cire wani. Na kawo shi mahaɗa goma sha ɗaya. Daga nan duk abin da na taɓa sai ya lalace. Na tabbata ba zai ƙara raguwa ba.

Mummuna ne, karkatacce, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, Kawu ba zai taɓa zana irinsa ba. Ni kuwa ban taɓa ganin abu mai kyansa ba. Ina kallonsa zuciyata fes, kamar ranar da aka miƙo mini 'yata ta fari. Allah ya yafe mini, ba na jin ko ɗigon nadama idan ina kallonsa. Sai na ɗaga kai take zuwa.

Lahadi, bayan azahar

Na tambayi Baban yara shawara. Ya ce shi sayar da magani ya iya, amma tambaya ɗaya zai yi mini. In da ni ce a barandar nan da bargo, me zan so a yi mini? Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ya tashi yana dariya ƙasa-ƙasa, don ya san ya soke ni.

Litinin, da safe

Kawu da Mama ba su kwana a gida ba, an kwantar da shi a asibiti. Mama ta ce kada in zo, ba a barin mutane da yawa.

Litinin, da la'asar

Babu labari. Na shiga aji na koyar, ban san me na ce musu ba.

Talata, bayan la'asar

An sallamo shi. Ya ce ko a kan gado ne sai an kai shi zaman Alhamis. Na same shi a ɗaki, Mama na zaune a bakin ƙofa tana gadina da ido. Bai tambaye ni ina aka kwana ba. Sai da ta tashi ɗauko magani ya yafito ni.

"Uwata, kin san abin da ya fi ciwon nan ciwo? Kowa ya zama mai yarda. In na ce yau Asabar, sai a ce haka ne, Farfesa. Jiya da gangan na ce wa likita bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne, ya ce ƙwarai kuwa, Baba. Tun wata nawa rabon da wani ya yi mini gardama."

Na buɗe baki, Mama ta shigo. Na rufe.

Laraba, da yamma

Na je ofishin Shugaba na ba shi haƙurin ƙofar da na buga. Ya ji daɗi, ya ce to yanzu me na yanke. Na ce gobe zan tsaya a gaban allo da alli, ba takarda a hannu, kamar yadda aka saba. Ya so ya ƙara tambaya, na ce ina da aji.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na goge kayan da zan sa.

Alhamis, da magariba

Hannuna har yanzu fari ne da alli, ban wanke ba.

Ɗakin ya cika har taga. Aka shigo da Kawu, Kusan-daidai na riƙe da shi ta gefe ɗaya, Mama ta ɗaya. Ya ƙi kujerar laushi da aka tanadar masa, ya nuna ta katako. Aka yi jawabai, aka yabe shi har ya fara gyangyaɗi. Sai aka kira ni.

Na ɗauki alli na zana tanki a can ƙasan allo, a kusurwa.

"Wa ya koya miki zana tanki a ƙasa?" in ji Kawu. Aka yi dariya.

"Ba kowa, Malam." A gaban allo Malam nake ce masa.

Na zana sauran, mahaɗa goma sha ɗaya, karkatacce yadda yake. Na juyo. Muryata ta fita sarai.

"An ce zan kawo hujjar hasashen Malam. Ba zan kawo ba, don hasashen ba daidai ba ne. Ga hanyar da ta karya shi, kuma ba za ta ragu daga mahaɗa goma sha ɗaya ba."

Shugaba ya sunkuyar da kai. Ban kalli inda Mama take ba. Kawu ya gyara zama, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa, ya ƙura wa allon ido.

"Ban yarda ba," ya ce. "Sharaɗi na biyu bai cika ba."

Na nuna masa ya cika.

"Ban yarda ba. Na uku fa, a mahaɗar can ta hagu?"

Na bi ta da shi a hankali. Ya ce in sake. Na sake. Na ƙara sabon bututun, na fara fitar da yawan ruwan kowane bututu. Ina tsaka da rubutu sai ya buga sanda a ƙasa.

"Ban yarda ba! Tara ce a wurin nan, kin rubuta bakwai."

Na duba. Wallahi tara ce. Na goge na gyara, wani daga baya ya ce Allahu akbar. Muryar Kawu ta dawo irin ta da, wadda take sa mutum ya manta sunansa. Muka ci gaba, yana ja ina ja, har muka iso bututun gefe, lambar ta fito ƙasa da sifili.

Ya ce a tashe shi. Mama ta yunƙura, ya ɗaga mata hannu. Kusan-daidai ya kawo shi gaban allo. Kawu ya karɓi allin daga hannuna, ya sake lissafa bututun da kansa a gefe. Hannun na karkarwa, lambobin suna fita a karkace, amma ko ɗaya bai kuskure ba. Ya iso inda na iso. Ya tsaya yana kallo, ya daɗe.

Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Na zaci kuka ne. Ashe dariya yake, har da tari, har da hawaye.

"Ya juya," ya ce. "Ɗan banzan ruwan nan ya juya!" Ya waiwaya ga jama'a. "Shekara talatin ina zana muku tanki a sama, duk kuka bi ni kamar tumaki. Farfesoshi nawa ne a ɗakin nan? Ba wanda ya iya kifa takarda?"

Ya koma kujerarsa, ya zauna, ya gyara hula. Ya bari sai da aka yi shiru.

"Na yarda."

Abin da ya biyo baya ban riƙe shi da kyau ba. Na san an yi tafi har tagogi na amsawa. Na san Kusan-daidai ya yi ta tsalle kamar yaro, Shugaba kuma yana gaya wa baƙi wai dama ya san da maganar tun farko. Na san na durƙusa a gaban kujerar katako na kasa tashi, Kawu ya dafa kaina ya ce, "Tashi, Uwata, kina ɓata mini wando da alli."

Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba a rayuwata, kuma ba na jin kunyar rubuta haka.

Juma'a, da hantsi

Na kira Mama sau biyu, ba ta ɗauka ba. Wayar wani baƙo ce ta shigo, yana so in je jami'arsu in gabatar. Na ce zan duba. Tsoro nake kada jiya ta yi wa Kawu yawa.

Asabar, da azahar

Da sassafe Mama ta kira. Ba gaisuwa, ta ce, "Ki zo, yana nemanki," ta kashe. Na sa takalmi wari da wari na fita. A hanya babu addu'ar da ban yi ba.

Ita na fara samu a tsakar gida tana shanya.

"Mama, jikin ne?"

"Jikin me? Tun da muka dawo ya hana kansa hutu ya hana ni. Takarda, takarda, a fiƙe fensir. Jiya sai da ya ci abinci sau uku, har yana cewa gishiri bai ji ba." Ta yarfa zani a kan igiya da ƙarfi. "Ni dai ban yafe miki ba tukuna. Shiga."

Yana zaune a teburinsa da aka daɗe da rufewa da ƙyalle, takardu har ƙasa. Na durƙusa zan gaishe shi, ya ce in bar gaisuwa in zo.

"A gaban mutane kin ce misalinki ba zai ragu daga goma sha ɗaya ba."

"Haka ne, Kawu. Na gwada ta ko'ina."

"Ƙiba ta yi masa yawa." Ya turo mini takarda. "Ga tara."

Na karɓa raina na tafasa. Yini guda na yi ina askin abin nan, na tsaya gaban farfesoshi na bugi ƙirji, a ce tsoho da hannu na rawa ya zo ya cire mini mahaɗa biyu? Na ja kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Na bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda zan kama shi. Na ce ban yarda da bututu na huɗu ba. Ya ce in buɗe idona. Muka yi ta yi har murya ta tashi, Mama ta leƙo ta ga abin da ake ciki ta koma.

Babu kuskure. Zanensa ya fi nawa muni, ya fi nawa karkacewa, kuma ya karya hasashensa fiye da yadda na karya shi. Na ajiye fensir, hawaye suka zubo mini, na bar su.

"Kukan me kuma? An kayar da ke ne kawai." Ya tattara takardun da hannu biyu ya miƙo mini. "Sunanki a farko, sai na wancan mai watsar da gaskiya, sai nawa a ƙarshe. Ki rubuta ki kawo mini in yi gardama. Kuma in kin isa, ki kawo mini takwas."

Na taho da takardunsa a jaka. Baban yara ya aiko a kira ni cin abinci sau biyu, na ce su ci, ina neman takwas.